Gadar da Saja Bai Shiga Ƙarƙashinta Ba

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni ne na tsaya a kotu na ba da shaidar da ta ɗaure shi. Na fara da wannan ne don kada wani ya tsinci labarin a teburin mai shayi ya zo yana yi mini kallon banza. Duk baƙar maganar da ake gaya wa mutum an riga an gaya mini, ba wadda ta rage.

Ni mai walda ne. Shagona yana bakin hanyar da ta gangara kogi, rumfar kwano ce da injin da ya girmi 'ya'yana duka. Shi kuwa yayan nawa, duk gari Saja ake ce masa. Ko bayan ya tuɓe kaki, ko bayan ya zama shugaban hukumar garinmu ana yi masa ranka ya daɗe a gaban idonsa, da ya juya baya Saja ne. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce mini Auta har na yi furfura.

Shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Da babanmu ya rasu, aka bar Mama da mu biyu da ɗaki ɗaya mai yoyo, sai ya ajiye makaranta ya tafi wurin ɗaukar soja. Gajere ne, shi da bakinsa ya ce sai da ya yi ɗage a wurin awon tsayi, mai awon ya gani ya kau da kai. Ba a sa shi cikin masu harbi ba. Rundunar injiniyoyi aka tura shi, masu shimfiɗa hanya da kafa gada a inda sojoji za su wuce. Shekara ashirin da biyu ya yi a can. Idan yara suka tambaye shi mutum nawa ya harbe, sai ya ce bindigarsa sifana ce, kuma ba ta taɓa kashe komai ba sai babban yatsansa.

A rundunar akwai wani kyaftin, tsoho mai ƙaramar murya, da ya kafa musu wata ƙa'ida wadda ba ta cikin kowane littafin soja. Ranar da aka gama gada, kafin kowa ya hau, duk wanda ya sa hannu a aikin zai shiga ƙarƙashinta ya tsaya. Kyaftin ne a gaba. Sannan a turo motar da ta fi kowace nauyi, shaƙe da kaya, ta bi ta kansu. Da tsohon ya yi ritaya, Yaya ne ya riƙe abin. Gada talatin da ɗaya ya shiga ƙarƙashinsu, kuma zai iya lissafa maka su ɗaya bayan ɗaya ko ba ka tambaya ba.

"Auta, gada tana magana," haka yake ce mini idan ya zo hutu. "Mota na hawa za ka ji ta yi nishi sau ɗaya, tun daga tafin ƙafarka har haƙoranka, ƙura ta zubo maka a ka. Idan motar ta sauka, ta kirki sai ta yi shiru. Wadda ta ci gaba da ƙara kuwa, a kwance ta a sake, ko wa zai yi fushi."

Shi ya kai ni koyon walda, shi ya saya mini injin nan da nake aiki da shi har yau. Amma bai taɓa yaba mini aiki da baki ba. Wata rana ya same ni na gama haɗa ƙafafun tankin ruwa na wani gida, ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa, ya ce in ɗauko kujera in zauna a ƙasa a cika tankin. Na ce, "Haba Yaya, mutane suna kallo." Ya ce su ma nan gaba a ƙasan za su riƙa wanki. Na zauna ina gumi ina zaginsa a zuci har tankin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya jiƙa ni sharkaf. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya saya mini sabuwar riga a ranar.

Da ya gama aikin soja ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya da gwiwa mai ciwo. Zama ya gagare shi. Ya goge takalmi, ya share ƙofar gidan Mama, ya je mahaɗar hanya ya tsaya yana ba motoci hannu ba wanda ya sa shi. Mutane suna yi masa dariya amma suna son sa, saboda ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba.

Garinmu kogi ne ya raba shi biyu. Gidaje a wannan gefen, kasuwa da asibiti a wancan. Da rani a taka ruwa a haye, da damina sai kwale-kwale, ko mutum ya yi zagayen awa guda ta tsohuwar gadar babbar hanya. Duk shekara sai kwale-kwale ya kife da wani. Kowane ɗan takara yana alkawarin gada, ba wanda ya kafa ko tubali. To 'yan jam'iyya ba wawaye ba ne. Suka duba suka ga tsohon sojan da ya kafa gada talatin da ɗaya yana zaune yana goge takalmi, suka zo suka cika ƙofar gidanmu da motoci.

A kowane taron neman ƙuri'a sai Yaya ya ba da labarin kyaftin da ƙa'idarsa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ranar da za a buɗe tamu, ni za ku gani a ƙasa." Jama'a su yi ta tafi. Ni ma na tafa, ba zan yi ƙarya ba. Ni na haɗa ƙarfen da aka ɗora lasifika a motar yawon neman ƙuri'a, kyauta, kuma ranar da aka ce ya ci zaɓe na yi kuka a gaban matata.

Shekarar farko, sai wanda ya gani. Ƙarfe bakwai yana ofis, takwas na bugawa ya sa a rufe ƙofa, manyan ma'aikata su yi cirko-cirko a waje da jakunkunansu. Daga baya abin ya fara sanyi. Akwai wani attajiri da kowa ke kira uban jam'iyya, shi ya tsayar da shi takara, shi ya ɗauki nauyin komai. Yaya kuwa shekara ashirin da biyu ya yi yana ƙamewa yana cewa "To, yallaɓai" ga duk wanda ke sama da shi. Ya ɗauki mutumin nan tamkar kwamandansa. Ko a waya ya kira shi sai ya miƙe tsaye, na gani da idona.

Ba ina wanke shi ba ne. Umarni ba shi ya gina masa bene ba, ba shi ya jera masa motoci uku ba, ba shi ya fito masa da tumbi har ya daina ganin takalmin da yake gogewa ba. Ya ɗanɗana, ya ji daɗi, ya ƙara. Ya daina zuwa shagona ya zauna a kan tsohuwar taya. Mama ma sai dai direba ya kawo mata saƙo.

Da aka zo maganar gada, uban jam'iyya ya kawo nasa ɗan kwangilar, wani mutum da duk gari aka san shi da sayar da labule da kujerun falo. Kayan aikin ta gaban shagona suke wucewa. Ni da rodi kuwa mun saba, daga nesa nake gane kaurinsa. Na rufe shago na gangara na duba da hannuna. Inda ya kamata a sa rodi mai lamba ashirin da biyar, mai kaurin babban yatsan ƙafa, sai ga mai lamba sha biyu, irin wanda nake yi wa mutane taga da shi. Kankaren ginshiƙin kuwa na murza shi da yatsa ya zube, yashi ne aka nuna wa siminti.

Awa uku na yi a kan benci a ƙofar ofishin Yaya kafin a ce in shiga. Ɗakin sanyi ƙalau, ga hotonsa cikin kaki a bango, ga shi a ƙasan hoton cikin fararen kaya. Na zayyana masa abin da na gani, ban tauna ba.

"Auta, yaushe ka zama injiniya?" in ji shi.

"Ni ba injiniya ba ne, Yaya. Amma kai ka san abin da nake faɗa."

Ya tashi ya rufe ƙofa da kansa. Ya dawo ya ce, "Na gani. Tun kafin ka gani na gani. An ce a buɗe ta kafin zaɓe. Idan aka wuce zaɓe zan sa a ƙarfafa ta."

"Ka sa hannu a takardar?"

"Na sa."

"Ka san ba za ta ɗauka ba."

"Za ta ɗan jure," ya ce. "Kada ka gaya wa Mama."

Ranar buɗewa an kafa rumfuna, an jera kujeru, an ɗaura jan ƙyalle daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Jama'a ba su manta da alkawarin ba. Yana fitowa daga mota aka fara ihu, "Saja, ƙasa! Saja, ƙasa!" Da murna suke yi, ba da tsokana ba. Ya tsaya yana murmushi, ya nuna gwiwarsa, ya ce likita ya hana shi shiga ruwa, ya nuna fararen kayansa ya ce uwargida za ta kore shi idan ya ɓata su da laka. Aka yi dariya, aka bar maganar. Ba a turo wata mota mai kaya ba. Ya yanka ƙyallen, ya yi taku biyar ko shida a kan gadar don masu hoto, ya juyo.

Da yamma direbansa ya zo shagona da saƙo. Ya ce Shugaba ya ce in gaya wa iyalina su riƙa bin tsohuwar hanya.

Nan ne nawa laifin ya fara, kuma ba alƙalin da ya yanke mini hukunci a kansa. Na gaya wa matata, na gaya wa 'ya'yana, na ja bakina na yi gum. Na ce a raina idan na yi magana na tona wa yayana asiri, kuma ai ya ce zai gyara bayan zaɓe. Zaɓe ya zo, ya sake ci, ba a taɓa gadar ba. Na ci gaba da yin shiru.

Rumfar da ke manne da tawa ta mai faci ce. Shekara goma sha tara muna gefe da gefe, benci ɗaya, rediyo ɗaya, buta ɗaya. Mutum ne mai tsiya, ba ya barin abu ya wuce shi. Da ya lura kullum zagaye nake yi, sai ya sa ni a gaba.

"Kai mai walda, yayanka ya yi gada, kai kuma kana zagaye kamar mai gudun surukai. Ko akwai wata a tsohuwar hanyar ne mu je mu gaishe ta?"

Na ce batirin babur ɗina ne ke son doguwar tafiya. Ya ce batir ko zuciya. Muka yi dariya. Ya yi mini wannan tsokanar ya fi sau ashirin, kowane karo maganar tana zuwa mini har maƙogwaro in haɗiye ta. Wata goma sha huɗu ina kallonsa yana hawa gadar nan safe da yamma.

A damina ta biyu ta faɗi, da safe wajen ƙarfe tara, ranar kasuwa. Tirela ce mai buhunan hatsi a gaba, bas cike da mutane a bayanta, da masu babura. Ina cikin aiki na ji wata ƙara mai tsawo, sannan ƙasa ta girgiza har butar ta kife. Ban tambayi kowa ba, na san ko mene ne. Na ɗauki injin yankan ƙarfe na ruga. Yini guda na yi cikin ruwa ina yanka rodi ana zaro mutane, kuma rodin ba ya ko gardama. Mutum goma sha bakwai. Mai faci ne na tara da muka fitar. Gam ya tafi sayowa, ya ce in kula masa da rumfa minti goma.

Mai labule ya tsallake iyaka kafin a yi jana'iza. Uban jam'iyya ya fito ya ce shi bai san komai ba, zuciyarsa ma ta karye. Aka kama Yaya shi kaɗai, aka fito da shi daga benensa da ankwa, mutanen da suka yi masa tafi suna jifan motar. Lauyansa ya tsaya a kan magana ɗaya: Shugaba bai sani ba, takarda aka kawo masa ya sa hannu, shi ma yaudararsa aka yi. Direban ya ɓace. Mutane suka fara cewa a haka zai fita.

Sai wata rana lauyar gwamnati ta zo shagona, wata 'yar siririya mai tabarau. Ta zauna a kan bencin, daidai gefen da mai faci yake zama. Ta ce matar marigayin ce ta aiko ta. Ta ce matar ta ce, "Ku je ku tambayi mai walda me ya sa bai taɓa hawa gadar ba, shi da matarsa da 'ya'yansa." Ashe duk dare da rana da mijin yake ba ta labarin tsokanar da yake yi mini suna dariya, ita ta riƙe.

Na ce ta ba ni kwana biyu. Na je wurin Mama, na same ta a tsakar gida tana tsintar wake a tire. Na gaya mata komai, har da abin da aka ce kada in gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Shi ya ciyar da kai," ta ce. "Injin da kake taƙama da shi, shi ya saya. Waɗanda suka mutu sun mutu, Allah ya ji ƙansu, maganarka ba za ta dawo da ko ɗaya ba. Biyu na haifa, Auta. Ka bar mini su biyu."

Na ce, "Mama, ita ma uwar mai faci ɗaya ta haifa."

Ta ajiye tiren ta shiga ɗaki.

Ranar shaida kotu ta cika har taga. Na faɗi rodin, na faɗi kankaren, na faɗi abin da Yaya ya ce da ya rufe ƙofa, na faɗi saƙon direba. Ban kalli inda yake ba. Lauyansa ya taso a hankali, ya ce tunda na san gadar ba ta da kyau, wa na gargaɗa? Na ce matata da 'ya'yana. Ya ce maƙwabcina fa, wanda muke zama a benci ɗaya? Na ce ban gaya masa ba. Ya ce in ɗaga murya, kotu ba ta ji ba. Na ɗaga. Matar mai faci tana layi na biyu, ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi. Lauyan ya juya ga alƙali ya fara cewa mutumin da ya iya wannan ai ba abin yarda ba ne, hassadar ɗan'uwa ce kawai.

Sai Yaya ya miƙe a cikin akwatin da aka tsayar da shi. Ya ƙame, hannu a gefe, irin tsayuwar da na daɗe ban ga ya yi wa kowa ba sai uban jam'iyya.

"Ƙyale shi," ya ce wa lauyan. "Ƙanena ba ya ƙarya. Abin da ya faɗa haka aka yi."

Shekara goma sha huɗu aka yanke masa. Jam'iyya ta kore shi a ranar, aka sauke hotonsa, aka karɓe benen. Mama ba ta zage ni ba, ba ta tsine mini ba. Amma tun daga ranar ba ta sake ce mini Auta ba. Mai walda take ce mini, kamar kowa a titi. Duk wata takan haɗa abinci a kwano ta ajiye a bakin ƙofa ta ce, "Mai walda, a kai masa." Wannan ya fi mini duk zagin gari ciwo.

Bara aka turo sojoji su kafa sabuwar gada, kuma tsohuwar rundunarsa ce. Na je na roƙi aiki. Hafsan da ke kula da su, wani matashi, ya san ko ni wane ne, amma ya ba ni waldar ƙarafan gefe. Na duba kowane rodi da aka sauke, ba wanda ya sa ni. Ranar da aka gama na tambaye shi ko za su shiga ƙasa. Ya ce ƙasan ina? Bai taɓa jin labarin kyaftin ba. Na tuɓe takalmi na gangara ni kaɗai, ruwa har gwiwa, na jingina da ginshiƙin tsakiya. Mutane suna leƙowa daga sama suna cewa mai walda ya taɓu. Na tsaya har tirelar farko ta wuce.

Da na kai wa Yaya abinci a ƙarshen watan, an fito da shi ɗakin ganawa yana ɗingishi. Tumbin ya tafi, kayan gidan yari sun yi masa yawa, ya koma gajeren nan da ya yi ɗage a wurin awo. Ya tambayi Mama, ya tambayi yara. Sannan ya ce ya ji an buɗe sabuwar.

"Rodi lamba nawa?"

"Ashirin da biyar. Na ginshiƙi ma ya fi haka."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan murza murfin kwanon. "Wa ya shiga ƙasa?"

"Ni."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai, Yaya."

Sai ya matso da fuskarsa kusa da ragar ƙarfen da ta raba mu, ya rage murya.

"Ta yi nishi?"

"Sau ɗaya. Har haƙorana na ji."

"Da motar ta sauka fa?"

"Ta yi shiru."

Ya rufe ido. Hawaye suka gangaro masa, bai share ba. Tunda nake ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da babanmu ya rasu.

"Talatin da ɗaya na yi wa mutanen da ban sani ba, Auta," ya ce. "Ta garinmu ce kaɗai ban tsaya na saurara ba."

Gandiroba ya buga ƙarfe ya ce lokaci ya yi. Yaya ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya juya, ya bi layi.